Dariyar ba ta raini ba ce

An ce 'yan kallo sun rabu biyu a kan wani fim mai ba da labarin wani saurayi da ke cikin ruɗani, wasu na ganin fim ɗin ya mayar da ruɗanin saurayin abin wasa. Ni ban yarda ba. Wurin da ya tsaya gaban madubi yana gwada murya uku, ta ofis, ta gida da ta abokai, har ya rasa wacce ce tasa, mutane sun tuntsire da dariya ne don sun ga kansu. Wani ɗan'uwa kuma ya rubuta cewa labarin ba kai ba gindi, amma ai da gangan ne, tunanin yaron ma a hargitse yake. Dole ne sai an sa mu kuka kafin mu yarda matashi yana cikin damuwa?