Gwata ba bola ba ce

'Yan'uwana matasan Nima, Mamobi da Sabon Zango a birnin Accra, akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu gaya wa juna gaskiya a kanta. Da zarar hadari ya haɗo, ruwa ya sauko, sai ka ga an fito da bokitin shara ana juyewa a gwata, wai ruwa zai tafi da ita. Ya tafi da ita ina? Ruwan gwatan Nima a kogin Odaw yake zuba, Odaw ya shiga tafkin Korle, Korle kuma ya amayar da komai cikin teku, dab da Jamestown.

Ledar fiya wata da baƙar ledar da aka ƙulla maka koko ba sa ruɓewa. A gaɓar tekun Gana, musamman wajen Ada, kunkurun teku na fitowa da dare ya haƙa rairayi ya zuba ƙwai. Akwai babban irinsu da abincinsa wata halitta ce mai santsi da ke yawo a ruwa, kamanninta sak farar leda. Sai ya ga ledarka, ya haɗiye, ta toshe masa hanji. Ciki a cike, amma yunwa ce ke kashe shi a hankali. Wallahi abin na ci mini rai. Bawan Allah bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Wadda ba a haɗiye ba, rana da igiyar ruwa su farfasa ta ta zama ɓurɓushi, ƙananan kifaye su ci, mu kuma mu saye su a soye mu ci da dokunu. Masunta ma na kuka: a ja koma da ƙyar, a tarar da roba da tsummokaran gwanjo cakuɗe da kifin.

Kuma ba mu manta da 3 ga Yuni, 2015 ba, daren da ambaliya da gobara suka haɗu a Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu. Toshewar magudanai na cikin abin da ya ta'azzara wannan musiba. Allah ya ji ƙansu.

A Suratu Rum, aya ta 41, Allah ya ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Hannayenmu na ciki.

In ka sha ruwa, sa ledar a aljihu har ka samu kwandon shara. Akwai ma masu tara ta suna sayarwa. In mai keken bola ya zo, a biya shi ya kwashe. In kuma ka ga ƙaninka ya ɗauki bokiti ya nufi gwata ana ruwa, kira shi ya dawo.