Ganuwar Hadiriyan ba ita ce iyakar Ingila da Sikotland ba

Masu doguwar tafiya a kan keke a arewacin Ingila sukan bi hanya mai lamba 72, wadda ke ratsa kufan Rumawa daga gaɓar teku ta yamma zuwa ta gabas. Da yawa idan suka hango ganuwar duwatsun nan a bisa tsauni sai su ɗauka da sun tsallake ta sun shiga Sikotland. Ba haka ba ne. Ganuwar kaf ɗinta a cikin Ingila take.

Sarkin Rum Hadiriyan ya sa aka fara ginin ta a shekara ta 122 Miladiyya, tsawonta kusan kilomita 117. A lokacin babu Ingila, babu Sikotland. Bakin mulkin Rum ne kawai, inda sojoji ke lura da shiga da fita ta ƙofofin da aka yi kusan kowane mil guda. Bayan shekara 20 ma Rumawan suka matsa arewa suka gina Ganuwar Antonin, daga baya suka bar ta suka dawo. Iyakar yau kuwa ta samo tushe daga yarjejeniyar York ta 1237 tsakanin sarakunan Ingila da Sikotland. A yamma iyakar tana dab da ganuwar, amma a gabas, daga Wallsend inda ganuwar ta ƙare, sai mai keke ya ƙara fiye da kilomita 100 kafin ya kai ta.

Duk wanda ya biyo hanyar, ina ganin ya kamata ya jingine kekensa a Vindolanda, wani tsohon sansanin sojojin Rum kusa da ganuwar. A can aka tono wasiƙun da aka rubuta da tawada a kan siraran alluna, har da ta wata mata da ke gayyatar ƙawarta bikin ranar haihuwarta.