Ranar da na ba Kaka riƙon jaka

Laifin wani abokina ne, mai tsumulmular magana. Muna isa gidansu ya ce, "Shiga ka gaida Kaka, ina zuwa," ya maƙala waya a kunne ya yi gaba. Da cewa ya yi "kakana" ko "kakata" da duk haka ba ta faru ba. Kaka zalla ba ta nuna mace ko namiji, balle ta gaya maka ta wajen uwa ce ko ta wajen uba.

Na shiga falo. Ga wata tsohuwa a zaune da sanda a gefe. Ga wani mutum tsaye bakin ƙofa yana latsa waya, bai fi shekara 45 ba. Na miƙa masa jakata na ce, "Malam, ɗan riƙe min." Ya karɓa bai ce uffan ba.

Na zube gaban tsohuwa. "Kaka, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

Ta ce, "Wa?"

Na ƙara murya. "Kaka!"

Ta kara hannu a kunne ta ce, "Kaka kuma? Ɗan nan, ai ko damina ba ta ƙare ba."

Ni dai ina durƙushe, ina yi mata bayanin cewa ita nake nufi, ba lokacin girbi ba. Sai na ji an ce daga bayana, "Lafiya lau, jikana. Ƙarfin jiki alhamdulillahi. A ina zan ajiye maka jakar?"

Ashe tsohuwar maƙwabciya ce. Mai riƙe da jakata ƙanen kakan abokina ne, autan su, har baban abokina ya girme shi. Ƙanen kaka kuwa kaka ne, ko furfura ɗaya babu a kansa.

Na rasa yadda zan juya, sai na juya a durƙushen, gwiwa tana ƙara.

Wadda ta fi ba ni haushi ƙanwar abokin nawa. Tana zaune a lungu tun shigowata, ta ga na miƙa jakar, ko ƙyafta min ido ba ta yi ba. Yarinyar da ni na koya mata lissafi! Yanzu ko a hanya muka haɗu sai ta ce, "Yaya, damina ta ƙare?"

Jakar ma a can na baro ta. Cajata tana ciki.