Ƙannena 'yan ƙwallo, ku ji abin da ya faru da Khampheng

Ku da kuka fara jin ƙanshin shiga babban kulob nake wa magana. Na san yawancinku ba ku taɓa jin sunan Khampheng Sayavutthi ba. Ɗan ƙasar Laos ne, ƙasar da ke tsakanin Tailan da Biyetnam, wadda ko a ƙwallon Asiya ba a cika sa ta a lissafi ba. Amma a gida shi ba ƙaramin ɗan wasa ba ne. An haife shi a 1986, yana buga gaba, ya taka leda a kulob ɗin Ang Thong na Tailan, ya kuma buga wa Lanexang United a gida. A gasar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya ta 2012, shi ya fara zura wa Indonesiya ƙwallo da fenariti, aka tashi 2-2. A ta 2014 ya sake buɗe wasa da ci a ragar Filifins, duk da an lallasa su 4-1 daga baya. Kun ga mutum ya gina suna da guminsa.

Sai ga wasan sada zumunci da Hong Kong a watan Oktoban 2017. An ci Laos 4-0, kowa ya watse. Wa zai damu da wasan da ba kofi, ba maki? Irin wannan wasa kuwa shi 'yan caca suka fi so, don idanu ba su da yawa a kansa, albashin 'yan wasan kuma bai taka kara ya karya ba. Sai a Fabrairun 2020 hukumar ƙwallon Asiya, AFC, ta yanke hukunci cewa Khampheng da abokin wasansa Lembo Saysana sun haɗa baki an murɗe sakamakon. Aka haramta musu duk wata harkar ƙwallo har ƙarshen rayuwarsu. Fiye da shekara biyu ana bin sawu, su kuwa ƙila har sun manta da wasan.

Abin da ya fi ba ni takaici, ya ga gargaɗi da idonsa. A farkon shekarar 2017 ɗin nan AFC ta yi wa mutum 22, 'yan Laos da Kambodiya, irin wannan hukunci, ciki har da 'yan kulob ɗin Lao Toyota. Ya ga gemun 'yan'uwansa ya kama da wuta, bai shafa wa nasa ruwa ba.

Kada ku ɗauka ba a gani. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, sa ido a kan yadda kuɗin caca ke motsi. Idan aka ga an antaya kuɗi a kan cewa za a ci ƙwallo huɗu a wani ƙaramin wasa, kuma aka ci ɗin, sai a ɗauko bidiyo a zauna: wa ya ƙi bin ɗan wasansa, wa ya ba da fas ɗin banza.

Haramcin nan ya haɗa da koci da duk wani muƙami a kulob, wato sana'ar da ɗan wasa ke fatan komawa idan gwiwa ta gaza.

To, idan wani ya tare ka a otal ko ya turo saƙo ta WhatsApp, wai kati ɗaya kawai za ka jawo ko ka ɗan sassauta a minti goma na ƙarshe, kar ka tsaya ciniki, kar kuma ka ƙi shi ka ja bakinka ka yi shiru. A dokar FIFA, ƙin kai rahoto ma laifi ne da ake hukuntawa. Kar ka goge saƙon, ka kai shi ga hukumar gasarku a ranar.