Sarauniya biyu, rabin maki

Tunda bidiyon ya riga ya zagaye gurup ɗin fada, har ɗan uwana da ke Agadas ya kira yana tambayar ya jikin hannu, bari in faɗi nawa da bakina.

Asabar ɗin nan aka yi 'yar gasar eshek, wato darar Turawa da ake ce wa chess, mu goma sha huɗu, zagaye biyar, kowa minti 15 a agogo. Kun dai san ni. Wata uku ina damun ku a gindin butar shayi da wa'azin natsuwa, cewa eshek ba kaifin ƙwaƙwalwa kaɗai ba ne, wanda ya iya riƙe zuciyarsa shi ke ci. Ni na kawo muku labarin Gukesh, yaron Indiya ɗan shekara 18 da ya zama zakaran duniya a Singafo cikin Disamban 2024, mai rufe ido a gaban allo kamar mai lazimi, wanda har ya ɗauki Paddy Upton na Afirka ta Kudu don ya riƙa gyara masa tunani. Ni na ce muku abokin karawarsa Ding Liren ya iya wasa, amma a karo na 14, abu ya kama hanyar kunnen doki, ya ajiye tur, wato hasumiyar nan, inda bai kamata ba, kambu ya tafi. Daren Juma'a ko shayi na uku ban tsaya sha ba, na je na kwanta.

Na ci na farko, na ci na biyu. Zagaye na uku aka haɗa ni da yaron nan na Birni, ɗan CM2, ajin ƙarshe na firamare, wanda in ya zauna ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya zo da alawa mai tsinke a baki ya ce, "Kawu, ina wuni." Na ce lafiya lau ɗana, Allah ya ba mai rabo. A raina kuwa na riga na rubuta maki uku.

Kuma gaskiya na yi wasa. Na cinye masa dam, wato sarauniya, na bi sauran kayansa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga shi sai sarki tilo a lungu. Ni ina da sarki, da dam a g5, da piyon guda a layin b, ƙaramin sojan nan da in ya kai ƙarshen allo yake iya zama dam. Saura minti huɗu a agogona. Minti huɗu! Ko tsohuwa ta isa ta gama wannan aikin ta koma ta duba tukunya.

To sai Mai Goruba.

Ban san wa ya gaya masa ana gasa ba. Mutumin da ko tafiyar doki bai sani ba, har yau fu, mai tafiya a karkace, "mahaukaci" yake ce masa tunda wani ya fassara masa sunan. Shi gwanin dara ne, wannan ban hana shi ba, in ya tsuguna gindin dogon yaron nan na wajen Kasuwar Dole da tsinkayensa ba mai tayar da shi. Amma me ya kawo shi bayan kujerata? Zaure guda, tebur bakwai, sai bayana ya zaɓa, yana gurgurar goruba a saitin kunnena, ƙurr, ƙurr, kamar ɓera a rumbu. In na motsa ya ce "Hmm." In yaro ya motsa ya ce "To!" Kuma wannan mutumin ina bin sa jikka biyu tun kafin babbar salla, da ya ce man babur ya ƙare masa zai je Mirriya. Ba kuɗin ne ke damuna ba, wallahi. Amma wanda ake bi bashi ai da kunya aka san shi, in ya hango ka ya sake hanya. Shi wannan in ya gan ni sai ya tsallako titi ya tambaye ni ya iyali, ya yara, ya kasuwa, har ya karɓi goron da ke hannuna. Ran nan ma sabuwar hula na gani a kansa. Ban ce da kuɗina ya saya ba, na dai gani.

Sarkin yaro yana kai da kawo tsakanin h8 da h7, ba shi da sauran wuri. Sai na ji daga baya, ƙasa-ƙasa: "Sarki ɗaya tal, babba ya kasa kamawa." Alƙalin wasa ya ce a yi shiru, amma magana ta riga ta shiga. Na ji wuyana ya ɗau zafi. Duk lissafin da ke kaina ya watse, abin da ya rage kawai shi ne in nuna wa Mai Goruba. Mat, wato kamun sarki da ke gama wasa, irin na talakawa ba zai ishe ni ba, da sarauniya biyu zan yi shi.

Na tura piyon, b6, b7. Yaro ya ajiye sarki a h7. Ban ko kalla ba.

Ga inda ya fi yi mini ciwo. Da dam ta biyu tana kusa, da na ɗora ta shiru, abin ya tsaya tsakanina da yaro. Babu. Sai na tsayar da agogo, doka ta yarda da haka, na ɗaga hannu na ce wa alƙalin wasa da ƙarfi, muryar da ko a filin kokowa za a ji ta: "Arbit! A kawo mini dam ta biyu!" Bawan Allah ya bi tebur-tebur yana nema har ya samo a na huɗu. Kafin ya dawo duk wanda ya gama wasansa ya taso ya kewaye mu. Ni da kaina na tara 'yan kallon. Na karɓe ta, har da goge ta a hannun riga, na dasa ta a b8, na danna agogo, na harɗe hannu, na juya gaba ɗaya na kalli Mai Goruba ido cikin ido.

Yaro ya zare alawar daga baki. Ya miƙa ɗan yatsa sama da allo, bai taɓa komai ba, yana ƙirga gidaje: h8, g8, g7, g6, h6. Ya sake ƙirgawa.

"Kawu, ba eshek ba ne ko?"

"A'a, yi wasanka."

"To ai ba ni da wurin zuwa."

Pat. Sarki ba ya cikin eshek, wato ba a kai masa hari ba, duk inda zai taka an tsare, ba wani abin motsawa, wasa ya tashi kunnen doki. Abin da nake fara koya wa yaran unguwa ke nan tun kafin su san sunan tur. Sarauniya biyu a hannuna, rabin maki a takarda. Na kalli allon na ƙirga gidajen nan biyar da kaina, har sau uku, ko Allah zai sa wani ya buɗe.

Zaure ya yi tsit. Sai Mai Goruba ya cire gorubar daga baki ya ce, "Ai dama. Mutum bai gama da uwargida ba ya ɗauko amarya, ina zai ga zaman lafiya?"

Daga nan ne bidiyonku ya fara. E, na buga tebur. Magnus Carlsen, tsohon zakaran duniya, ma ya buga a Stavanger cikin Yunin 2025 da Gukesh ya kayar da shi, duniya ta gani. Sai dai teburinsa na Norway ne, nawa na roba ne da aka tokare ƙafarsa ɗaya da kwali. Kaya suka tashi sama. Sarkina ya faɗa cikin takalmin wani, kwalin ya zame, ledar ruwan da ke gefe ta fashe ta zubo mini a wando, a daidai inda babba ba ya son a ga jiƙa. Na tuna Carlsen ya ba da hannu ya shafa bayan abokin wasansa kafin ya fita, na ce bari in yi haka in tsira da sauran mutunci. Ina miƙa hannu yaro ya sunkuya ya kare kansa, ya zaci mari ne. Wannan wurin ne kuke ta maimaitawa, na sani.

Bayan an tsince kaya, shi yaron da kansa ya jera su ya ce, "Kawu, da ka motsa sarkinka sau ɗaya kawai. Nawa ya koma h8, ka yi dam da eshek, in dawo h7, ka kawo ta g8, mat." Cikin ladabi ya faɗa, har da rusunawa. Da ya yi mini dariya da ya fi sauƙi.

Zagaye na huɗu da na biyar ba sai na ba da labari ba. Jikina na kan kujera, kaina na can h7. Na taɓa fu kafin in yi tunani, abin da ka taɓa kuwa shi za ka motsa, ya tafi a banza. Na biyar agogo ne ya cinye ni ina zaune ina tsara amsar da ya kamata in ba Mai Goruba.

Da dare na ce wa 'yan fada ko Kramnik, yana zakaran duniya, a 2006 ya kasa ganin mat na motsi ɗaya. Mai dafa mana shayi bai ko ɗago kai ba ya ce, "Yaya, shi da kwamfuta ya kara."

Litinin na haɗu da Mai Goruba a bakin kasuwa. Tun daga nesa ya ɗaga hannu: "Ango! Ya amarya?" Na buɗe baki zan yi maganar jikka biyu, ɗan kabu-kabu ya ratsa tsakaninmu, kafin ya wuce ya shige layin masu hatsi.

Af, baƙin doki ɗaya har yanzu ba a gan shi ba, murfin kwalba ake sawa a madadinsa, kuma wai ni zan biya. Wanda ya share zauren ran Lahadi ya duba mini ƙarƙashin benci don Allah.