Inabin Kudan da ba a yi masa suna ba

Duk Alhamis ta uku a watan Nuwamba, garin nan na Liyon, a ƙasar Faransa, sai ka rantse ɗan sarki ake wa aure. Cikin dare ake mirgino ganguna a fasa sabuwar giyar inabi ta bana, wadda suke kira Beaujolais Nouveau. Ni dai ba na sha, abokan aikina ma sun gaji da yi mini tayi, ruwan inabi zalla suke ajiye mini a gefe. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima, kuma abin da nake gani a wannan rana kullum gida yake tuna mini.

Giyar nan ba wata ta a zo a gani ba ce, su kansu masana harkar raina ta suke yi. Inabin da aka tsinka a Satumba ne, makonni kaɗan a tanki, sai kwalba. A 1951 doka ta yarje musu su fitar da ita da wuri, a 1985 aka tsayar mata da wannan Alhamis ɗin. Daga nan suka ɗaure ta da rana da sunan yankin da ake noman inabin, wato Beaujolais, har ta kai Japan na cikin manyan masu sayenta.

Shekarar da na zo karatu na yi ƙwadagon tsinkar inabi kwana goma a wani ƙauye arewa da Liyon. Irin da suke nomawa, Gamay, gajere ne, da ƙyar ya kai ƙugu, don haka a durƙushe kake wuni da almakashi da bokiti. Ran kwana uku bayana ya ƙi miƙewa, yatsuna sun rine kamar na marini. Tsohon mai gonar kuwa yakan ɗauki tsaba ɗaya ya tauna, ya tofar da ƙwallon a tafin hannu ya duba launinsa, sannan ya ce gobe layin can za a shiga. Da na koma gaishe shi cikin sanyin Janairu na tarar ya aske kusan duk rassan bara, gonar ta koma kututture tsirara. Ya ce in dawo a Maris in ga yadda ruwa ke ɗiga daga wurin yankan, su a wajensu kukan kurangar inabin ke nan, alamar ta farka. Kowane mataki yana da lokacinsa, kuma duk ƙauyen ya san shi.

To, zuwana gida na ƙarshe, mun tsaya a Kawo, cikin garin Kaduna, ni da kawuna, na ga yaro da inabi a faranti. Na tambaye shi daga ina ne, ya ce, “Alhaji, ai na waje ne.” Kawu, wanda mutumin Hunkuyi ne, hedkwatar ƙaramar hukumar Kudan, ya ɗaga zangarniya ɗaya ya juya ta, ya yi dariya ya ce, “Kai yaro, ji tsoron Allah, wannan na Kudan ne.” Yaron bai ji kunya ba, ya ce in ya faɗi gaskiya rage masa kuɗi za a yi. Nan ne abin ya tsaya mini a rai. Manomi ya kafa sanduna, ya ja waya, ya yi ban-ruwa, ya yi aski da dabara tunda a ƙasarmu babu sanyin da zai sa kuranga barci, sannan a ƙarshe sai an ɓoye sunan garinsa kafin kayan su yi daraja.

Kada wani ya ce giya nake so a fara yi a Kudan. Inabin ci ne, a ci shi ɗanye, a matse ruwansa, a shanya zabibi. Abin da nake kwaɗayi shi ne ranar. Ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu: mutanen Kagoro suna da bikin Afan duk 1 ga Janairu, kuma wanda ya taɓa shan furar sabon gero da kaka ya san ba ɗaya take da ta tsohon hatsi ba. Ga raken Makarfi, ga cittar Kachia, duk a buhu da ƙasan mota suke fita ba mai shela.

Na san za a ce hanya da ɗakin sanyi da tsaro su ne gaba da biki. Haka ne, ban musa ba. Sai dai ɗan kasuwan da ya san ran kaza ake buɗe inabin bana, shi zai kawo motarsa da kansa, ya kuma rubuta Kudan a jikin kwali don ya ci riba.

Makon jiya na kira Kawu na ce, “Kawu, wai yaushe ne ake fara yankan inabin?” Ya ce, “Wace irin tambaya ce wannan, ɗan nan? Duk wanda nasa ya nuna sai ya kira dillali.”