Kun buɗe gidauniya, to wa kuka koya wa riƙe ta?

Salam 'yan uwa matasa, maganata yau da ku ce masu ƙungiyoyin sa-kai da gidauniyoyi, dan Allah kar wanda ya ji haushi. Yanzu kusan kowace unguwa a Kano ko Kaduna ko Maiduguri sai ka samu matashi ya je CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ya yi rajista, ya buga bana da riguna, ya kira kansa faunda, wato wanda ya kafa, to madalla niyya mai kyau ce, amma shiga cikin ƙungiyar ka gani, shi ne shugaba shi ne ma'aji shi ke rubuta firofozal na neman tallafi, lambar sirrin imel da shafin Facebook duk a wayarsa suke, kwamitin amintattu kuwa yayansa ne da matarsa da wani abokinsa na sakandare da ko taro ba a taɓa kiransa ba. Ranar da ya samu sikolashif ya tafi Ingila ko ya kwanta ciwo shikenan, marayun da ake biya wa kuɗin makaranta sai dai su ji shiru.

Ku dubi FOMWAN mana, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya. A Minna aka kafa ta a 1985, Hajiya Aisha Lemu ce Amira ta farko, mace mai ilimi da ba wanda zai ce ta sauka da ta so zama, amma ta yi wa'adinta ta miƙa wa wata, haka aka yi ta miƙawa. Allah ya yi mata rasuwa a 2019 kuma har yau makarantu da asibitocin ƙungiyar suna aiki a jihohi. Mu kuwa ƙungiya ko shekara biyu ba ta yi ba an fara rigimar wa zai zauna a gaba a hoto.

Na san abin da za ku ce, wai in ka koya wa yaro aiki gobe ya gudu. Gaskiya ne fa, ka sha wahala ka koya masa rubuta rahoto da lissafin kasafi, da ya ƙware sai wata babbar ƙungiyar ƙasashen waje ta ɗauke shi da albashin da kai ko a mafarki ba za ka iya biya ba, abin da ciwo wallahi. To amma maganinsa ka koya wa mutum uku maimakon ɗaya, in ɗaya ya tafi biyu na nan, shi ma wanda ya tafin sau da yawa shi zai fara turo maka sanarwa in an buɗe neman tallafi. Ɓoye ilimi ba ya riƙe kowa, haziƙan ma su suka fi saurin tafiya in sun ga ba a yarda da su ba sai ɗaukar jaka da jera kujeru.

Sai kuɗi. Ranar 20 ga Janairu 2025 Trump ya sa hannu aka dakatar da tallafin Amurka na ƙasashen waje, daga baya aka rushe USAID, hukumar da ke raba tallafin, gaba ɗaya, kun ga yadda ayyuka suka tsaya cak a Borno da Yobe da Adamawa aka sallami ma'aikata. Ƙungiyar da duk abincinta daga hannu ɗaya yake ta gane kurenta. Shugaban kirki tun ana cikin daɗi yake gina alaƙa da 'yan kasuwar garinsu da masu fitar da zakka da membobi masu biyan ɗan kuɗin wata, ko da ɗari biyar ne, kuma waɗannan ba za su ba ka ba sai sun ga lissafi a fili. Saboda haka dan Allah a daina karɓar gudummawa a asusun Opay na shugaba, a buɗe na ƙungiya da sa hannun mutum biyu, a ajiye rasit, a kai wa CAC rahoton shekara. Dokar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAMA ta 2020 ma ta ba hukumar ikon dakatar da amintattu in an samu almundahana, ga kuma hisabin da ke gaba kan dukiyar maraya wanda ya fi na CAC nauyi.

Kuma satifiket ɗin wokshop ashirin da ka tara a otal-otal na Abuja ba su za su mai da kai shugaba ba, balle in kai kaɗai ke zuwa saboda alawus. Gayyata ta gaba ka tura mataimakiyarka, in za a zauna da masu ba da tallafi ka bar sakatarenka ya yi bayani ko da zai yi in-ina, kai ka yi shiru ka gyara masa bayan an fito. Sannan ku ɗauko kundin tsarin mulkin nan da lauya ya kwafo muku ba ku taɓa karantawa ba, ku zauna ku rubuta wa'adin shugaba a ciki, shekara uku ko huɗu sau biyu, kuma ya fara aiki daga kanka kai faunda.